Gidan Twining: Fataucin Shayi Daga Kaka Zuwa Jikoki

Da wuya ka shiga wani gari a Nijeriya da sassafe ba ka tarar da mai shayi ya kafa teburinsa a bakin titi ba, ga tukunyar ruwan zafi tana tururi, ga burodi da gwangwanayen madara an jera. Mun saba da shayi har muna ganin kamar ɗan gida ne. Amma ganyen da ake jefawa cikin ruwan zafin nan baƙo ne. Ban da wanda ake nomawa a tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba, yawancinsa daga ƙasashen waje 'yan kasuwa suke shigo da shi.

Ko sunansa ma na aro ne. Hausawa sun ari kalmar "shayi" daga Larabci, ita kuma asalinta kalmar "ca" ce ta mutanen ƙasar Sin, wadda ta biyo fatake ta hanyar tudu. Turawan Holan kuwa ta teku suka je, suka sayi ganyen a hannun fatake 'yan lardin Fujiyan masu kiransa "te". Daga nan Ingilishi ya samo nasa sunan, Yarabanci da harshen Ibo kuma suka ara daga Ingilishi.

A wannan darasi za mu bi tarihin wani gida na birnin Landan wanda ya shafe fiye da shekara 300 yana cikin fataucin ganyen shayi. Sunan gidan Twining, sunan kamfaninsu kuma Twinings. Kafin mu fara, ya kamata ɗalibi ya riƙe kalmomin nan na dangantaka: wanda mutum ya haifa shi ne ɗansa, ɗan ɗansa jikansa ne, ɗan jikansa kuwa tattaɓa-kunnensa. Za mu gamu da su duka.

Ɗan masaƙa ya bar saƙa

An haifi Thomas Twining a shekarar 1675 a garin Painswick da ke yammacin Ingila. Iyayensa da kakanninsa masu sana'ar ulu ne, wato gashin tumaki da ake saƙa tufafi da shi. Da kasuwar ulu ta faɗi, sai mahaifinsa ya kwashi iyalinsa ya koma Landan a shekarar 1684. Thomas yana da shekara 9 a lokacin. An sa shi koyon saƙa kamar yadda aka gada, amma da ya girma sai ya kama aiki a wurin wani attajiri mai suna Thomas D'Aeth, wanda yake cinikin kayan ƙasashen Gabas. A wurinsa ya fara sanin ganyen shayi.

A wancan zamani shayi bai daɗe da zuwa Ingila ba. Wajen shekarar 1657 aka fara sayar da shi a Landan, kuma ya sami daraja a fada bayan Sarki Charles na Biyu ya auri Gimbiya Katarina ta Fotugal a 1662, domin ita mai son shan shayi ce. Duk da haka abin sha ne na masu hali kawai. Talaka giya yake sha, 'yan kasuwa da lauyoyi kuma gahawa. Tsadar shayi ta kai har uwargida tana zuba shi a wani ɗan akwati mai makulli, ta riƙe mabuɗin a jikinta don kada barori su ɗiba.

A shekarar 1706 Thomas ya sayi wani gidan shan gahawa a gefen titin Strand. Ya iya zaɓen wuri. Titin yana kan iyaka tsakanin tsohon birnin Landan, inda 'yan kasuwa suke, da unguwar Westminster, inda masu mulki suke, ga kuma mazaunin lauyoyi a kusa. Sai dai gidajen gahawa sun yi yawa a birnin, kowanne yana neman abin da zai jawo masa jama'a. Shi Thomas shayi mai kyau ya sa a gaba.

Akwai wani abu da ya lura da shi wanda sauran ba su kula da shi ba. Bisa al'adar lokacin, mace mai mutunci ba ta shiga gidan gahawa, wuri ne na maza, cike da hayaƙin taba da gardamar siyasa. Alhali kuwa mata su ne suke dafa shayi a gida, su ne suka san mai kyau da maras kyau. Sai dai su tsaya a waje cikin keken doki, su aiki bara ya sayo musu. Saboda haka zuwa shekarar 1717 Thomas ya sayi gidajen da ke maƙwabtaka da shi, ya buɗe kanti na sayar da busasshen ganye, ya sa masa alamar zaki mai ruwan zinariya. A nan mace tana iya shiga da kanta, ta sansana ganyen, ta zaɓa, har ta ce a gauraya mata wannan da wancan. Ba da daɗewa ba cinikin busasshen ganye ya fi na dafaffe kawo riba.

Yadda ganyen yake isowa

A nan dole mu tsaya mu fahimci wani abu. Ko da yake muna kiran su masu shigo da shayi, a farkon lamari gidan Twining ba su da ikon aika jirgi ƙasar Sin. Gwamnatin Ingila ta ba kamfani guda ɗaya tak wannan izini, wato Kamfanin Gabashin Indiya. Irin wannan shi ake kira kan-ka-ne, ko mallake kasuwa: mutum ɗaya ke da kaya, kowa sai ya zo wurinsa.

Jiragen kamfanin na iska ne, ba su da inji. Sukan ɗauki kaya a tashar Kanton, wadda yau ake kira Gwanju, su zagayo ta ƙarshen kudancin Afirka, su shafe wajen wata 6 a kan ruwa kafin su iso kogin Landan. Daga nan sai a kai akwatunan rumbunan kamfanin, a sa ranar gwanjo. Gwanjo shi ne cinikin da ake yi a bainar jama'a, kowa yana tayawa, wanda ya fi tsada ya ɗauka. Kafin ranar, dillalai sukan je su buɗe akwatuna, su duba ganyen, su dafa, su ɗanɗana. Wanda harshensa bai ƙware ba zai sayi ruɓaɓɓen kaya da tsada. Wannan ƙwarewa ta ɗanɗano ita ce ainihin jarin gidan Twining, ita uba yake koya wa ɗa tun yana saurayi. Hausawa suna cewa ɗan na gada ya fi ɗan na koya, amma a wannan sana'a ko ɗan gado sai ya zauna ya koya.

Thomas ya rasu a 1741, ɗansa Daniel ya gaje shi. A zamaninsa ciniki ya faɗaɗa har suna aika shayi zuwa Amurka, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Ingila.

Gwauruwa da 'yan fasa-ƙwauri

Daniel bai yi tsawon rai ba. Ya rasu a 1762, ya bar gida cikin mawuyacin hali. Babban ɗansa, wanda aka sa wa sunan kakansa Thomas, an so ya shiga kasuwanci, amma zuciyarsa tana ga littattafai da kiɗa. Ya zama limamin coci kuma masanin harshen Girka, har ya fassara wani littafi na Aristotal zuwa Ingilishi. Sauran 'ya'yan kuwa ƙanana ne. Richard, wanda zai gaji kantin daga baya, shekararsa 13.

Da yawa daga cikin kasuwancin gado a irin wannan gaɓa suke mutuwa: mai gida ya tafi, magaji bai isa ba, dangi su raba dukiya kowa ya kama gabansa. Abin da ya ceci wannan gida shi ne matar Daniel, Mary Twining. Ta karɓi ragamar kantin, ta riƙe shi kimanin shekara 20, a zamanin da ba a saba ganin mace a kan babban kasuwanci ba. A ganina, in da za a tambayi wanda ya fi kowa cancantar yabo a tarihin gidan nan, ita ce, ko da yake ba a cika ambaton sunanta kamar na mazan ba.

Kuma zamaninta shi ne mafi wuya ga mai cinikin halal. Gwamnati tana yaƙe-yaƙe, tana bukatar kuɗi, sai ta yi ta ƙara wa shayi haraji har ya kai kashi 119 cikin 100. Ma'ana, ganyen da kuɗinsa yake fam 100, sai an biya masa harajin fam 119. Wannan ya buɗe ƙofar fasa-ƙwauri, wato shigo da kaya a ɓoye don guje wa biyan kuɗin fito. Jiragen Holan da Faransa da Suwidin da Denmak sukan kawo shayi Turai, ƙananan jirage kuma su tsallako da shi gaɓar Ingila da dare. Masana tarihi da yawa suna ganin akwai shekarun da shayin fasa-ƙwauri ya fi na halal yawa a ƙasar.

Bayan fasa-ƙwauri ga kuma algus. Algus shi ne gauraya kaya mai kyau da maras kyau don a yaudari mai saye. Wasu sukan tsinko ganyen itatuwan daji, su shanya, su dafa shi da kashin tumaki da wasu sinadarai don ya yi kalar shayi, sannan su cakuɗa da na gaske. Wasu kuma sukan sayi ganyen da aka riga aka dafa daga hannun barorin gidajen masu kuɗi, su busar da shi su sake sayarwa.

Ka duba matsayin Mary. Maƙwabcinta yana sayar da kaya da araha domin bai biya haraji ba, ita kuwa nata da tsada. Kowace rana tana iya rasa masu saye. 'Yan gidan suna ba da labari har yau cewa abin da ta fi alfahari da shi shi ne ba ta taɓa sayen shayin fasa-ƙwauri ba. Abin da ta dogara da shi kawai shi ne akwai masu sayen da suka gane cewa araha ba ta ado, suka yarda su biya da tsada muddin sun tabbata abin da ke cikin kofinsu shayi ne.

Dokar 1784

Da Richard Twining, jikan Thomas, ya karɓi kantin daga mahaifiyarsa, sai ya ga cewa haƙuri kaɗai ba zai raba su da wannan matsala ba. Ya yi karatu mai zurfi, ya iya magana da rubutu, har dillalan shayi na Landan suka naɗa shi shugabansu. A lokacin Ingila ta sami sabon Firaminista, William Pitt, wanda ya hau mulki yana da shekara 24. Richard yana cikin waɗanda Pitt ya yi shawara da su a kan harajin shayi.

Hujjar dillalan mai sauƙi ce. Ɗan fasa-ƙwauri yana sa ransa cikin haɗari ne domin ribar tana da yawa, ribar kuma daga harajin take fitowa. In an rage haraji, shayin halal zai yi araha, ba wanda zai ƙara sayen na ɓoye, sana'ar ta mutu da kanta ba tare da an harba bindiga ba. Pitt ya karɓi wannan shawara. A shekarar 1784 majalisa ta zartar da doka wadda ta sauko da harajin daga kashi 119 zuwa kashi 12.5 cikin 100. Don cike giɓin kuɗin shiga, sai aka ƙara harajin tagogi, wato kuɗin da mai gida yake biya gwargwadon yawan tagogin gidansa. Wannan bai yi wa masu gidaje daɗi ba, an yi ta ƙorafi, har Richard ya rubuta ɗan littafi a kan dokar da kuma cinikin shayi.

Sakamakon bai ɓata lokaci ba. Cikin ɗan lokaci shayin da ake sayarwa ta hanyar halal ya ninka fiye da sau biyu, fasa-ƙwaurinsa kuma ya kusa ƙarewa. Daga nan ne shayi ya sauko daga teburin masu kuɗi ya shiga ɗakin leburori. A 1787 Richard ya gina wa kantin sabuwar ƙofa, aka ɗora mata siffar zakin nan a kwance tsakanin mutum-mutumin Sinawa biyu. Daga baya aka zaɓe shi cikin daraktocin Kamfanin Gabashin Indiya, wato jikan mai gidan gahawa ya zauna a teburin waɗanda kakansa yake sayen kaya a hannunsu.

Abin da ke bayan kofin

Ba daidai ba ne a ba da wannan tarihi a ɓoye ɓangarensa mai ɗaci. Sinawa ba su da bukatar kayan Ingila sosai, azurfa suke so a biya su da ita. Da shan shayi ya ƙaru, sai azurfar Ingila ta yi ta kwarara zuwa Sin. Dabarar da Kamfanin Gabashin Indiya ya yi ita ce noma wani abin maye mai suna ofiyam a Indiya, yana sayar wa 'yan kasuwa, su kuma suna shigar da shi Sin a ɓoye, duk da cewa sarkin ƙasar ya haramta shi. Azurfar da aka samu da ita ake sayen shayi. Waɗanda suka yi kuka da fasa-ƙwauri a gaɓar ƙasarsu, ga shi shayinsu ya dogara da fasa-ƙwauri a gaɓar wasu. Da hukumomin Sin suka tashi hanawa, sai yaƙi ya ɓarke daga 1839 zuwa 1842, Ingila ta ci, ta karɓe tsibirin Hong Kong. Sukarin da ake zubawa a cikin shayin kuwa, shekaru da yawa bayi 'yan Afirka ne suke noma rakensa a tsibiran Karebiyan. Duk wanda ya ci riba a cinikin shayi na wancan zamani, da wannan tsari ya ci ta.

Zamanin tattaɓa-kunne

Richard na biyu, tattaɓa-kunnen Thomas, shi da 'yan'uwansa sun tarar da duniya tana sauyawa da sauri. Masu sayen shayinsu sun daɗe suna ba su ajiyar kuɗi saboda amana, don haka a 1825 suka buɗe banki a gefen kantin. Bankin ya rayu har 1892, lokacin da ya haɗe da bankin Lloyds. A 1837 Sarauniya Biktoriya ta ba su takardar zama masu sayar wa fada shayi, sarakunan da suka biyo bayanta kuma suka yi ta sabunta ta.

Babban sauyi shi ne na 1834, lokacin da aka ƙwace wa Kamfanin Gabashin Indiya ikon mallake cinikin Sin. Yanzu kowa yana iya aika jirgi. Aka shiga tsere, domin ganyen da ya fara isowa shi ya fi tsada. A 1866 wasu jirage biyu, Ariel da Taeping, sun taso daga Sin rana ɗaya, suka yi kwana 99 a teku, suka iso Landan a rana ɗaya. Shekara 3 bayan haka aka buɗe mashigin Suwez a Masar, jirage masu tururi suka gajarta tafiyar, tseren ya zama labari.

Ita ma Sin ta rasa matsayinta. An gano shayi yana tsirowa a yankin Assam na Indiya, aka yi gwanjon na farko a Landan a 1839. Turawa suka buɗe manyan gonaki a can, suka kwaso leburori daga wasu sassan Indiya a kan yarjejeniya mai tsanani da ƙaramin lada. Tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, ya koma noman shayi bayan wata cuta ta kashe itatuwan gahawarsa. Daga baya aka kai shi Malawi da Kenya.

Yawan wuraren noma ya ƙara wa aikin gauraye muhimmanci. Shayi duk itace ɗaya ne, baƙi da kore, bambancinsu a wajen sarrafawa yake: baƙin ana murza shi a bar shi ya sha iska har ya yi duhu, koren kuwa ana gasa shi ko a turara shi da wuri don ya riƙe launinsa. Amma ɗanɗanonsa yana sauyawa daga gona zuwa gona, daga damina zuwa rani. Mai saye kuwa yana son abin da ya sha bara shi zai sha bana. Aikin mai gauraye ke nan: ya ɗanɗana ɗaruruwan samfura, ya ƙara wannan, ya rage wancan, har ɗanɗanon ya dawo yadda aka san shi. Kar ɗalibi ya rikita gauraye da algus. A gauraye shayi ake haɗawa da shayi, ko da wani ƙamshi da aka sanar wa mai saye. Misali shi ne shayin Earl Grey, wanda ake sa wa man ɓawon wani irin lemo na ƙasar Italiya. Kamfanin Twinings yana cewa shi ya fara haɗa wa Firaminista Charles Grey wannan shayi a 1831, amma akwai wani tsohon kanti na Landan da ya yi iƙirarin cewa nasa ne.

Ba duk 'yan gidan ne suka tsaya a kanti ba. 'Ya'yan Richard na biyu mata guda biyu sun yi suna a wasu fannoni: Elizabeth a zanen tsirrai da taimakon marasa galihu, Louisa kuma a fafutukar gyara gidajen da gwamnati take ajiye matalauta.

Suna ya rage, mallaka ta tafi

Ƙarni na 20 ya zo da nasa gwaji. A Yaƙin Duniya na Biyu jiragen ruwa da yawa sun nutse, gwamnati ta karɓe ragamar shayi, ta ƙayyade wa kowane mutum kimanin giram 57 a mako. An fara wannan a 1940, ba a daina ba sai 1952. Bayan yaƙi kuma sai ga wata sabuwar al'ada daga Amurka: shayi a cikin 'yar jakar takarda, irin wanda muke tsomawa a kofi yau. Tsofaffin dillalai sun raina ta, amma jama'a sun so sauƙinta. Twinings ya fara yin nasa a 1956.

Yin irin wannan shayi yana bukatar injuna, sayar da shi a manyan kantuna kuma yana bukatar talla, duka biyun kuwa suna cin jari mai yawa. A shekarar 1964, bayan shekara 258 a hannun iyali ɗaya, wani babban kamfanin abinci mai suna Associated British Foods ya sayi Twinings. Shi ma wannan kamfani wani gida ne yake da rinjaye a cikinsa, gidan Weston, waɗanda asalinsu masu gasa burodi ne a Kanada. A 2002 kamfanin ya sayi Ovaltine, ya haɗa shi da Twinings a ƙarƙashin reshe ɗaya, kuma wannan reshe yana da masana'anta a Legas.

'Yan gidan Twining ba su bar aikin ba, sai dai yanzu ma'aikata ne, ba masu kamfani ba. Sam Twining, na 9 a jerin zuri'ar in an fara ƙirga daga Thomas, ya yi shekaru yana aiki a ciki, ɗansa Stephen, na 10, shi ma ya bi sahunsa yana wakiltar kamfanin a ƙasashe. Gwanjon shayi na Landan, inda kakanninsu suka yi ta tayi, an rufe shi a 1998. Yau babban gwanjon baƙin shayi a Mombasa ta ƙasar Kenya ake yin sa, ana kuma yi a Kolombo da Kalkata, kusa da gonakin. Hedikwatar kamfanin tana garin Andover a kudancin Ingila, wani kaso mai yawa na ɗaurin kayan kuma a ƙasar Folan ake yi.

Kantin Thomas kuwa yana nan a lamba 216, titin Strand, daura da babbar kotun Landan. Siriri ne ƙwarai, mutum yana iya wuce shi bai lura ba in ba ya ɗaga kai ya ga zakin da Sinawan nan biyu a saman ƙofa ba. A can ƙuryarsa akwai wurin da ake dafa wa baƙo ganye iri-iri ya ɗanɗana kafin ya saya.